Gajimaren Kalmomi a Aji: Jagora ga Malaman Makarantun Kano

Gajimaren kalmomi hoto ne da manhaja ke haɗawa daga tarin rubutu. Tana ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito, wadda ta fi yawa ta rubuta ta da manyan baƙaƙe, wadda ta fito sau ɗaya ko biyu ta maƙala ta a gefe da ƙanana. Iyakar aikinta ke nan, ƙirga. Ba ta san ma'ana ba, ba ta rarrabe amsar daidai da ta kuskure, kuma a mafi yawan manhajojin launin kalma da gurbin da ta faɗa ba sa nufin komai. Malamin da ya riƙe wannan zai ci moriyar abin. Wanda ya ɗauka hoton ne darasin, yara za su yi ta kallon launuka har a buga ƙararrawa.

Amfaninsa a wurinmu a fili yake. Ajin da ke da ɗalibai saba'in ko tamanin, kamar yadda ake samu a makarantun gwamnati da dama a cikin birni, idan ka jefa tambaya yara biyar ɗin nan na bencin gaba ne za su ɗaga hannu, jiya su, yau su. Sauran ba ka san abin da ke cikin kansu ba sai ranar jarrabawa, lokacin da gyara ya wuce. Da gajimare, cikin minti goma za ka ga tunanin ajin gaba ɗaya a allo guda, har da na yarinyar nan ta ƙarshen layi da ba a taɓa jin muryarta ba, kuma ba wanda aka kunyata domin ba sunan kowa a jiki.

Wace manhaja, don wane aiki

Iri biyu ne, kuma kada a haɗa su. Akwai masu karɓar amsa kai tsaye daga wayoyin ɗalibai, hoton yana girma ana kallo: Mentimeter, Slido, Poll Everywhere da AnswerGarden. Akwai kuma waɗanda kai ne za ka liƙa musu rubutu su fitar da hoto: WordArt, WordClouds da Voyant Tools.

A Mentimeter malami ne kawai ke rajista, ɗalibai su shiga menti.com su rubuta lambar da ka ba su. AnswerGarden ko malamin ba ya buƙatar rajista, shafin ba shi da nauyi, amsa kuma ba ta wuce baƙi 20 ko 40, gwargwadon yadda ka saita. Voyant, wanda masana biyu a Kanada, Stéfan Sinclair da Geoffrey Rockwell, suka ƙirƙira don nazarin rubutu, shi ya fi dacewa da dogon nassi, domin yana nuna adadin kowace kalma da jimlolin da ta fito a ciki. WordArt ya fi kyan hoto idan bugawa za a yi.

Tsarin kyauta na yawancin masu karɓar amsa kai tsaye yana da iyakar yawan mahalarta, kuma kamfanonin suna sauya iyakar lokaci zuwa lokaci. Ka duba tun a gida. Abin takaici ne a tsakiyar darasi rabin aji su shiga, sauran shafi ya ƙi karɓarsu.

Sannan ka dubi gaskiyar ajinka. Ɗaliban jami'a ko kwalejin ilimi kusan kowa da wayarsa, kai tsaye ya yi. A sakandare makarantu da yawa sun hana zuwa da waya, kada ka karya dokar makaranta saboda darasi ɗaya. Hanyar 'yan takardu da za mu bayyana a ƙasa ita ce taka, kuma a ganinmu ta fi ba da amsa ta gaskiya.

Tambayar ita ce rabin aikin

Tambayar da za a amsa da "e" ko "a'a" ba ta gajimare ba ce. Wadda amsarta ɗaya ce tak, kamar "A wace shekara Turawan mulkin mallaka suka ci Kano?", ita ma haka: za ka ga 1903 ya cika allo, ba abin tattaunawa. Wadda ke buƙatar cikakkiyar jimla kuma manhaja za ta daddatsa ta, ma'ana ta watse.

Abin nema shi ne tambaya mai amsoshi da yawa, kowace amsa kalma ɗaya ko biyu. A darasin kimiyya na ƙaramar sakandare: "Rubuta abu ɗaya da kake ganin yana kawo cutar kwalara." A tarihi: "Wace kalma ce ke zuwa maka idan an ambaci Sarki Muhammadu Rumfa?" A ƙarshen darasin lissafi: "Wane sashe ne bai zauna maka ba yau?" Ka rubuta tambayar a allo, kada ka tsaya a faɗa da baki, ka kuma ƙayyade abubuwa uku a ƙarƙashinta: amsa nawa kowa zai bayar, kalma nawa, da wane harshe. Idan ka bar harshe a buɗe, wasu su rubuta ruwa, wasu su rubuta shi da Turanci, tunani ɗaya ya rabu gida biyu, kowane ya fito ƙarami.

Kada ka ba da misalin amsa daga cikin batun. Ka ce "kamar ƙuda", ka tabbata ƙuda ce za ta cika allon.

Idan akwai wayoyi

Daren da za a yi darasin ka buɗe shafin, a ce na Mentimeter, ka ƙirƙiri sabuwar gabatarwa, ka zaɓi nau'in tambayar da aka rubuta wa Word Cloud, ka sa tambayarka. Saita yawan amsar kowane mutum: ɗaya ga babban aji, uku ga ajin da bai kai talatin ba. Sai ka ɗauki wata wayar ka shiga kamar ɗalibi, ka tura ƙasa, ɓera da ɗaki, ka ga ko haruffa masu ƙugiya sun fito. Goge amsoshin gwajin. Da safe ka sake duba lambar shiga, domin ta Mentimeter tana ƙarewa bayan ɗan lokaci a ba da wata.

A aji, ka rubuta adireshi da lambar da manyan baƙaƙe a allo. Hoton nan mai murabba'i da ake haskawa da kyamara yana da sauri, amma daga benci na shida ba kowace waya ke kama shi ba. Muhimmin mataki shi ne ka ɓoye sakamako har sai an gama amsawa. Idan gajimaren yana girma a gabansu, masu jinkiri za su kwafi babbar kalma, sai ka sami ra'ayin mutum goma na farko an maimaita shi sau sittin. Ba su minti uku, ka duba adadin waɗanda suka amsa a kusurwar shafi, idan ya kusa adadin ajin ka rufe, sannan ka buɗe hoton. Nan take ka ɗauki hoton fuskar kwamfutar ko wayar ka adana.

Idan wayoyin kaɗan ne, raba ajin rukuni-rukuni: mutum takwas waya ɗaya, su tattauna su tura kalma uku. Aji mai tamanin zai ba da amsa talatin. Ka sani dai abin da za ka gani ra'ayin masu baki ne a kowane rukuni.

Rubutu kawai ake turawa, don haka data ba ta tafiya sosai. Matsalar ta sabis ce. Ajin da ke ƙasan bene mai kaurin bango yakan kashe sabis, ka gwada a cikin ajin kansa, ba a ofishin malamai ba. Raba intanet daga wayarka ga ɗalibai kuwa ba zai ɗauki aji ba, yawancin wayoyi ba sa karɓar fiye da na'ura goma a lokaci ɗaya.

Rashin suna yana ba wasu yara ƙarfin hali su tura zagi ko sunan wani su yi masa ba'a. Matatar kalmomin batsa da ke cikin manhajojin kada ka dogara da ita ga Hausa. A AnswerGarden akwai zaɓin Moderator, wanda ba amsar da za ta fito sai ka amince da ita. A sauran, ka fara duba sakamakon a taka fuskar kafin ka haska wa aji.

Idan babu wayoyi

Yanka takardar A4 gida takwas. Takarda goma ta ishi ɗalibai tamanin. Kowa ya rubuta amsarsa ba suna, ya ninke, monita da mataimakinsa su tattara layi-layi cikin kwali ko leda. Ka ba ajin aikin karatu na minti biyar zuwa bakwai, kai kuma ka buga amsoshin a waya ko kwamfuta, kowace amsa a layinta, ɗalibi ɗaya yana karanto maka. Kalma tamanin ba ta wuce wannan lokacin. In ka fi so, tattara a ƙarshen darasin yau, ka shirya a gida, ka buɗe darasin gobe da hoton. Wannan ya fi natsuwa, kuma ɗaukewar wuta ko sabis ba za ta tsayar da kai ba.

Alherin hanyar nan shi ne kana gyara rubutu tun kana bugawa, kuma ba wanda ya ga amsar wani.

Gyaran rubutun Hausa kafin a liƙa

Nan ne yawancin malamai ke faɗuwa, domin an gina manhajojin ne da Turanci a zuciya. Idan ka liƙa insha'in Hausa yadda yake, abin da zai cika allo shi ne da, na, ta, a, ba, ya, ne, ce. Manhajar tana da jerin ƙananan kalmomin da take zubarwa, amma na Turanci da wasu manyan harsuna. Naka jerin kai za ka rubuta, sau ɗaya, ka adana a waya. Fara da waɗannan: da, na, ta, a, ya, yi, ne, ce, wa, ga, su, sun, suka, yana, tana, suna, shi, ita, mu, ku, ka, ki, za, zai, sai, ko, kuma, amma, don, domin, cikin, daga, kan, wannan, wanda, wadda, mai, masu, ke, nan, ma, dai, fa. A Voyant, bayan ka liƙa rubutu ka latsa Reveal, sai ka shiga Options a saman akwatin gajimaren, ka gyara jerin Stopwords, kowace kalma a layinta. A WordArt da WordClouds jerin kalmomin yana fitowa a tebur, sai ka goge su da hannu.

Ka yi hattara da "ba". Idan ka zubar da ita da "ban" daga amsoshin yara, "ban gane ba" da "na gane" duk za su koma gane, ka ga kalmar ta fito ƙatuwa ka ɗauka aji ya fahimta. A tambayar da ƙi ko rashi ke da muhimmanci, ka manne amsar ta zama kalma ɗaya, kamar bangane, ko ka sauya tambayar.

Na biyu, haruffa masu ƙugiya. Wani ya rubuta ƙasa, wani kasa, wani k'asa, manhaja ta ɗauke su kalmomi uku. Mafi muni, kasa da ƙasa ba ma'anarsu ɗaya ba, haka daka da ɗaka, bari da ɓari. Ka daidaita su da zaɓin nema-da-sauyawa na Word ko Google Docs, amma ka bi ɗaya bayan ɗaya, kada ka latsa sauya duka. Idan kai tsaye ne, ka nuna wa ɗalibai yadda ake ƙara Hausa a Gboard, wato madannin rubutu na waya, ko kuwa a yi yarjejeniya yau kowa ya rubuta ba ƙugiya. Ko wanne aka zaɓa, ya zama na kowa.

Na uku, alhamza. Kalmomi irin su 'ya'ya, 'yan, sana'a da jama'a wasu manhajojin suna tsinka su a wurin alamar, sai ka ga sana a gefe, a a wani gefen. Gwada da kalma ɗaya tukuna. Idan ta tsinke, cire alamar kafin liƙawa, ka mayar da ita a teburin kalmomi.

Na huɗu, siffofin kalma ɗaya: makaranta, makarantar, makarantu, makarantun, ruwa, ruwan. Mayar da su duka siffa guda. Zaɓin Stemming da ke wasu shafukan, mai haɗa siffofin kalma da kansa, dokokin Turanci yake bi, ka kashe shi. Manya da ƙananan baƙaƙe ma haka, a mayar da komai ƙanana in ban da sunaye.

Na biyar, amsa mai kalma biyu. Ƙofar Mata, Dutsen Dala, Kasuwar Kurmi, gurɓataccen ruwa: idan suka rabu, Mata za ta tsaya ita kaɗai da wata ma'ana dabam. Haɗa su da karan ɗori ko ka manne su, KasuwarKurmi. A WordArt za ka iya rubuta su yadda suke a layi ɗaya na tebur, ka sa adadinsu a gurbin Size, ka latsa Visualize.

Saura kalmomin da rubutunsu ɗaya ma'ana dabam, kamar gari na zama da gari na tuwo, ko fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Ba manhajar da za ta raba maka su. A Voyant ka latsa kalmar ka duba jimlolinta a akwatin Contexts kafin ka gaya wa aji komai a kanta.

Yadda za a gan shi daga bencin baya

Kalma 25 zuwa 30 sun isa. Fiye da haka ƙananan sun zama ƙura. Sa duka su kwanta a miƙe, ban da masu tsayuwa ko karkacewa, musamman ga 'yan firamare. Farin bango da baƙaƙe masu duhu, launi biyu ko uku, ban da rawaya, domin hasken ranar Kano da ke shigowa ta taga yana cinye ta. Siffar zuciya ko taswira tana da kyau, amma manhaja takan sauya girman kalmomi ko ta maimaita su don ta cika siffar, ƙirgar ta lalace. Tsaya a da'ira ko murabba'i.

Salon baƙaƙe na ado da yawa ba su da ƙ, ɓ da ɗ, sai ka ga akwati fanko a gurbinsu. Noto Sans da Andika suna da su. Ka gwada manyan ma, Ƙ, Ɓ da Ɗ.

Idan akwai majigi, ka kunna shi kafin yara su shigo, ka rufe tagogin da ke kusa da allo, ka je bencin ƙarshe ka duba da idonka. Lokacin hunturu ƙura tana toshe matatar iskarsa ya yi zafi ya mutu, a riƙa kakkaɓe ta. In babu majigi, a buga hoton a takardar A3 a shagon buga takardu, ko a buga ƙanana goma, kowane rukuni ɗaya. In ko wannan bai samu ba, alli ya wadatar: ƙirga amsoshin, kalmar da ta fi yawa ka rubuta ta da tsayin taƙi guda, masu bi mata rabin haka, sauran da rubutun yau da kullum.

Bayan hoton ya fito

Ga yadda minti 40 za su kasu: biyar na gabatar da tambaya da amsawa, bakwai na haɗa hoto, goma na tattauna shi, sauran na darasin da ka shirya. Minti goman nan kada a taɓa su.

A ce tambayar kwalara ce, aka sami gurɓataccen ruwa babba, ƙuda da ƙazanta matsakaita, sannan iska, rana da mangwaro ƙanana. Ka yi shiru na rabin minti su kalla. Tambaya ta farko: me ya fi girma, kuma me ya sa da yawanmu muka faɗe shi? Ta biyu: wace ƙaramar kalma ce ta ba ku mamaki? Ba ka tambayar wa ya rubuta, sai dai ka ce "me zai sa mutum ya yi tunanin mangwaro?" Daga nan za ka kai su ga cewa ƙwayar cuta ce ke shiga ta ruwa ko abincin da ya gurɓata da bahaya, mangwaron da ba a wanke ba hanya ce kawai, ba shi ne tushe ba. Ta uku, wadda ta fi duka: me ya kamata ya fito amma babu? Idan ba wanda ya ambaci wanke hannu ko masai, ka san inda darasinka zai fi zama.

Ka faɗa musu ƙarara cewa girman kalma yawan masu faɗarta ne, ba ingancinta ba. Aji zai iya haɗuwa a kan kuskure, kuma yaro yana ɗaukar abin da ya gani da manyan baƙaƙe a allo a matsayin gaskiya. Kuskuren da ya fito babba ka ja masa layi a gabansu, kada a tashi da shi.

Bayan mako ɗaya ko a ƙarshen babin, ka maimaita tambayar da kalmominta, ba sauyi, ka jera hotunan biyu. Idan iska ta ɓace wanke hannu ya bayyana, darasi ya shiga. Kwatancen yana inganta ne kawai in adadin masu amsa ya yi kusa da juna. Maki kuwa ba a bayarwa da gajimare, tunda bai nuna wa ya san me ba.

Wasu ayyukan da yake yi da kyau

Malamin Turanci ko Hausa zai iya buga insha'i goma, ya cire sunaye, ya nuna wa aji kalmomin da suka gaji da maimaituwa, a nemo madadinsu tare. Mai shirya 'yan aji shida ga WAEC ko NECO zai iya liƙa tambayoyin shekarun baya na fanninsa ya ga kalmomin umarni da batutuwan da ke yawan dawowa, amma ya gaya wa ɗalibai wannan ba hasashen abin da zai fito ba ne. Kafin karanta sabon nassi, a nuna gajimarensa a ce su yi hasashen batun, sannan a fitar da kalmomi biyar masu wuya a fassara su tun kafin a fara. Malamin tarihi da zai koyar da zamanin Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, zai ga ko yara sun danganta shi da Gidan Rumfa, Kasuwar Kurmi da faɗaɗa ganuwa, ko kuwa sunan Kwalejin Rumfa kawai suka sani.

Ga malaman Islamiyya da na Larabci akwai abin lura guda biyu. Wasu manhajojin suna rarraba haruffan Larabci ko su juya su, na Ajami ma ya fi shan wahala, don haka a gwada kafin a shiga aji. Ayoyin Alƙur'ani da sunayen Allah kuwa ba a zuba su a irin wannan, inda za a warwatsa kalmomi wasu su faɗo a kife, takardar kuma ta iya ƙarewa a ƙasa. A tsaya a kalmomin darasin fiƙihu, tarihi ko nahawu.

Duk abin da ka liƙa a shafin intanet ya bar hannunka ya tafi kwamfutar wasu. Sunan ɗalibi, lambar waya, sakamakon jarrabawa, ko tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba tukuna, kada ko ɗaya ya shiga. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba bayanan yara kariya ta musamman, iyaye kuma amana suka ba mu. Tambayar da ta shafi halin gida, lafiya ko aljihun iyaye ba a yin ta ta wannan hanya ko da ba suna, domin a aji yara sun san juna, kalma ɗaya ta isa a gane mai ita. Kafin ka fara amfani da wayoyi a sakandare, ka sanar da shugaban makaranta, ka nuna masa tambayar da shafin da za a shiga.